Hieroprepes: Halin da Titus 2:3 Ke Nema Daga Dattawan Mata

Wasiƙar da aka rubuta wa Titus gajeruwa ce, sura 3 da ayoyi 46, amma a sura 2 aya 3 kaɗai akwai kalmomin Helenanci huɗu da ba su sake fitowa ko'ina a Sabon Alkawari ba. Wadda ta fi wahalar da masu fassara a cikinsu ita ce hieroprepes. Masu wa'azi kan ce tana nufin ladabi, ko tsoron Allah, ko shigar mutunci. Kowanne ya taɓo wani gefe, sai dai kalmar ta fi waɗannan duka ƙayyade abin da take nufi. Tana magana ne a kan hali da ɗabi'ar da ake gani a fili, irin wanda ya dace da mai hidima a wuri mai tsarki, sannan ayar ta ɗauko wannan ma'auni daga haikali ta kai shi cikin gida.

Ga yadda ayar take da Helenanci: presbutidas hosautos en katastemati hieroprepeis, me diabolous, me oino pollo dedoulomenas, kalodidaskalous. In aka bi ta kalma bayan kalma, cewa take: dattawan mata haka nan, a yanayin zamansu su kasance hieroprepeis, ba masu ɓata sunan mutane ba, ba waɗanda yawan ruwan inabi ya bautar ba, masu koyar da abin kirki. Babu aikatau a cikin ayar. Daga aya ta 2 ake aro "su kasance", inda aka yi wa dattawan maza nasu umarnin, kuma kalmar hosautos, wato "haka nan", ita ce ta ɗaure ayoyin biyu.

Kalmar haɗi ce ta guda biyu. Ta farko hieros, abin da aka keɓe wa abin bauta ya zama mallakarsa: haikali, bagade, dabbar hadaya, ranar idi, kayan aikin ibada. Daga nan aka samo hiereus, firist, da hieron, haikali da harabarsa. Ta biyu prepo, wato abu ya dace, ya zauna daidai a idon mai kallo. Prepo ya zo sau 7 a Sabon Alkawari. Shi Yesu ya faɗa wa Yahaya a Matiyu 3:15 lokacin baftisma, cewa haka ya dace a cika dukan adalci. Shi ne a Afisawa 5:3, "kamar yadda ya dace da tsarkaka", da 1 Timoti 2:10, inda aka ce kyawawan ayyuka su ne adon da ya dace da matan da suke cewa suna tsoron Allah. Mafi kusa duka, shi ne ya buɗe wannan sura: Titus 2:1 ta ce wa Titus ya riƙa faɗin abin da ya dace da sahihiyar koyarwa. Aya ɗaya tsakani sai ga tushen ya dawo a cikin hieroprepes. Mai karatu da Helenanci zai ji amsa-amon, mai karanta fassara kuwa yakan wuce bai sani ba.

Rabin farko na kalmar yana da wani ƙamshi da ya kamata a lura da shi. Yahudawan Iskandariya da suka fara juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Yesu, fassarar da ake kira Septuaginta, sun ƙaurace wa hieros a kusan ko'ina. Kalma ce da ta cika bakin masu bautar Zafsa da Artemis, saboda haka suka zaɓi hagios don fassara qadosh na Ibrananci. Sabon Alkawari ya bi sahunsu: hagios ya zo fiye da sau 200, hieros a matsayin sifa kuwa sau biyu, a 1 Korantiyawa 9:13 kan kayan haikali, da 2 Timoti 3:15 kan littattafai masu tsarki. Ke nan marubucin Titus ya bar kalmar da Kiristoci suka saba da ita, ya ɗauko wadda kowane Bahelene a Karita, tsibirin da Titus yake aiki, ko mai bi ne ko ba mai bi ba, zai ji ta ya tuna jerin gwanon idi da natsuwar masu hidimar bagade.

To, amma tsaga kalma biyu ba ya isa. Wannan shi ne kuskuren farko da ake yi. Mutum ya buɗe jadawalin kalmomi na Strong, wanda aka fara bugawa a 1890, ya tarar da lamba 2412, ya ga tushe biyu, ya haɗa su, ya hau mumbari. Asalin kalma yana nuna inda ta fito, ma'anarta kuwa tana wajen masu amfani da ita. Kalmar da ta zo sau ɗaya tak ba ta da wata aya 'yar'uwa da za a gwada ta da ita, dole a fita waje a nemi shaidu a sauran rubuce-rubucen Helenanci. An yi sa'a, akwai su.

Zenofon, Ba'atine na ƙarni na 4 kafin haihuwar Yesu, ya sa kalmar a bakin Sukurat yana yi wa Kalliyas magana. Kalliyas ɗan babban gida ne mai gadon aikin firist a bukin ibada na Elusis, aka ce masa a wurin bukin ya fi duk waɗanda suka gabace shi zama hieroprepes. Maganar kwarjini ce da tsayuwa da tafiya, abin da jama'a suka gani da ido. A wata tattaunawa da ake jingina wa Aflatun, Sukurat ya ji sunan wani saurayi, Tiyages, ya ce suna ne mai kyau kuma hieroprepes. A nan ma ba a kan zuciyar yaron ake magana ba, sunan ne yake da amon tsarki a kunne. Yosifus, masanin tarihin Yahudawa da ya kammala babban littafinsa wajen shekara ta 93 bayan haihuwar Yesu, ya ba da labarin yadda babban firist ya fito daga Urushalima ya tarbi Iskandari Mai Girma, jama'a cikin fararen tufafi, firistoci cikin lilin, ya kira tarbar hieroprepes, ta bambanta da ta sauran al'ummai. Masana tarihi suna shakkar aukuwar wannan ganawa, amma don sanin ma'anar kalma wannan bai dame mu ba. Abin da muke so shi ne yadda Bayahude mai rubutu da Helenanci a ƙarni na 1 ya yi amfani da ita.

Shaida ta huɗu ta fi sauran nauyi. Littafin Makabiyawa na Huɗu, wanda ba ya cikin littattafai 66 da yawancin ikkilisiyoyin Furotesta suke karantawa, ya ba da labarin 'yan'uwa bakwai da Sarki Antiyokus ya azabtar har lahira don sun ƙi cin naman alade. A 9:25 an kira babbansu hieroprepes a daidai lokacin da ransa yake fita, a 11:20 kuma na shida ya kira gwagwarmayar tasu da wannan sifa. Babu haikali a wurin, babu rigar firist, saurayi ne a ɗaure a kan na'urar azaba. Wannan ya nuna tun kafin a rubuta Titus, ko a zamani ɗaya da ita, kalmar ta riga ta fita daga harabar haikali, ana iya faɗinta ga talaka wanda ya riƙe kansa yadda ya dace da abin da aka keɓe wa Allah. Filo na Iskandariya, masani Bayahude, shi ma ya yi amfani da ita sau da yawa a kan dokoki da bukukuwa da halayen mutane.

In aka tara waɗannan, abu biyu ba sa canzawa. Akwai wani abu mai tsarki da ake auna hali da shi, kuma halin a bayyane yake, mutane suna gani su shaida.

Kalmar da ke gabanta a ayar, katastema, ita ce ta jawo kuskure na biyu, kuma ya daɗe. Ta fito daga aikatau mai nufin kafawa ko zaunar da abu, saboda haka ma'anarta yanayin da abu ya zauna a kai. Littafin Makabiyawa na Uku ya yi amfani da ita ga giwayen da aka bugar da ruwan inabi da lubban har suka shiga yanayin hauka. Ignatiyus na Antakiya, a wasiƙarsa ga ikkilisiyar Tiralles a farkon ƙarni na 2, ya ce katastema na bishop ɗinsu kaɗai babban darasi ne, tawali'unsa kuma ƙarfi ne. Ba rigar bishop yake yabo ba. Yadda mutum yake ɗauke da kansa ne: murya, fuska, tafiya, zama, yadda yake amsa wanda ya ɓata masa rai. Tufafi suna ciki, amma ƙaramin sashe ne.

Matsalar ta shigo ta Latin. Fassarar Vulgata ta ce in habitu sancto. Habitus a Latin yana nufin yanayin mutum, yana kuma nufin tufafinsa, kuma da zamani ya yi nisa shi ne ya zama sunan rigar 'yan zuhudu. Banda haka, Latin ta ɗauke tsarkin daga kan matan ta ɗora shi a kan habitus. A yawancin kwafin Helenanci kuwa hieroprepeis jam'i ne da ya yi daidai da presbutidas, wato matan ne ake sifantawa. Wasu kwafi kaɗan sun yar da harafin ƙarshe, suka rubuta hieroprepei, wanda zai manne wa katastemati kamar yadda Latin ta yi. Harafi ɗaya ne tsakani, amma a karatu ɗaya matan ne masu wannan hali, a ɗayan kuma yanayinsu ne, kuma daga "yanayi mai tsarki" zuwa "riga mai tsarki" taku ɗaya ne. Fassarar Ingilishi ta Sarki Yakubu ta 1611 ta kauce wa ramin, ta ce hali ne da ya dace da tsarki. Wanda yake neman ayar da ta yi maganar sutura kai tsaye, 1 Timoti 2:9 ce, inda aka yi amfani da wata kalma dabam, katastole, aka kuma lissafa kitso da zinariya da lu'ulu'u da tufafi masu tsada. Kalmomin biyu sun yi kama a kunne, tushensu ba ɗaya ba ne. Mai wa'azin da ya ɗauki Titus 2:3 ya ƙare a kan tsawon zane da ɗaurin ɗankwali ya yi wa'azi a kan wata aya, ba wadda ya karanta ba.

A gefe guda, tsohon guntun takardar papirus da ake kira P32, wanda ake ajiye a ɗakin karatu na John Rylands a Manchesta ta Ingila, kuma aka saba ɗora shi a wajen shekara ta 200, yana ɗauke da Titus 1:11-15 a fuska ɗaya da 2:3-8 a ɗayar. Wannan sashe ke nan yana cikin mafi daɗewar abin da ya rage na wasiƙar.

Helenanci yana da kalmomi da dama a wannan unguwa, kuma gwada su yana fito da iyakar kowacce. Eusebeia ta zo sau 15, goma daga ciki a wasiƙun Timoti da Titus. Ita ce ibada a faɗinta, ba Allah girman da ya cancanta a dukan rayuwa, kuma Romawa suna daidaita ta da pietas tasu. Semnos, sau 4, shi ne mutum mai nauyi, wanda ake jin kunyar yin wargi a gabansa, kuma shi aka nema daga dattawan maza a aya ta 2. Eulabeia, sau 2 duk a Ibraniyawa, 5:7 da 12:28, asalinta riƙe abu da kyau, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono a cikin kasuwa, wato taka-tsantsan a gaban Allah. Sifarta aka ba Saminu a Luka 2:25. Sophron kuwa kamun kai ne da cikakken hankali, kuma danginsa sun zo sau biyar a wannan sura ta 2 kaɗai. Eusebeia da eulabeia suna duban Allah, semnos yana duban yadda mutane suke ganin ka, sophron yana duban cikinka. Hieroprepes ta haɗa na farko da na biyu: mutane ne suke kallo, amma ma'aunin na wuri mai tsarki ne.

Hanya mafi aminci ta gane kalmar da ba ta da 'yar'uwa ita ce a bar jimlarta ta yi bayaninta, kuma wannan aya ta yi. Bayan hieroprepeis an jero hani biyu da umarni ɗaya.

Hani na farko, me diabolous. Diabolos ita ce kalmar da aka fi sani a matsayin sunan Iblis, ma'anarta mai kai ƙara da ƙarya, mai ɓata suna. Sau uku aka faɗe ta da jam'i a kan mutane: nan, da 1 Timoti 3:11, da 2 Timoti 3:3. Ta fi hirar gulma ta bayan gida nauyi, ta kai ga annamimanci da ƙazafi, maganar da take raba aure ko ta zubar da mutuncin wani. Dattijuwa a gidan Helenawa da Romawa tana shiga ɗakunan da namiji baƙo ba ya shiga, ita take zuwa wurin haihuwa da jinya da makoki, saboda haka asirin gidaje da yawa yana hannunta. Firist yana tsare abin da aka damƙa masa a haikali. Abin da aka damƙa wa dattijuwa shi ne abin da ta ji.

Hani na biyu ya fi ƙarfi fiye da yadda fassara takan nuna. A 1 Timoti 3:8 an ce wa masu hidima kada su karkata ga yawan ruwan inabi. A nan an ce dedoulomenas, daga doulos, bawa, kuma sigar aikataun tana nuna abin da ya riga ya faru ya kuma tabbata: waɗanda aka bautar, suna nan cikin bautar. Akwai dalilin wuri. Karita, wadda Roma ta ci a shekara ta 67 kafin haihuwar Yesu, ta shahara da ruwan inabi mai zaƙi da ake yi da busassun 'ya'yan inabi, an kuma tono tulunan Karita masu yawa a kangon Pompeyi ta Italiya. Tsohuwa mashayiya abin dariya ce da aka saba da shi a wasannin barkwanci na Helenawa da Romawa, har akwai sanannen mutum-mutumin wata tsohuwa zaune a ƙasa rungume da tulu, wanda kwafinsa suke Roma da Munik. Su kansu Karitawa an yi musu mummunar shaida, kuma Titus 1:12 ta ɗauko baitin da ake jingina wa Efimenides, wani tsohon mawaƙin Karita, cewa maƙaryata ne kullum, mugayen dabbobi, ragwaye masu haɗama. Ƙarya da ciki: su ne dai harshe da ƙoƙo na aya ta 3. Akwai kuma alaƙa da haikali a nan, domin Littafin Firistoci 10:9 ya hana Haruna da 'ya'yansa shan ruwan inabi in za su shiga alfarwa ta sujada, aya ta 11 kuma ta ɗora musu koya wa Isra'ilawa dokoki. Ba za a ce marubucin Titus yana ambaton wannan wuri ba, amma jerin iri ɗaya ne: tsarki, kamewa daga abin sha, koyarwa.

Umarnin shi ne kalodidaskalous, masu koyar da abin kirki, kalmar da ba a san ta a wani rubutu kafin wannan ba. Ayoyi 4 da 5 sun faɗi ɗaliban: ƙananan mata, a kan ƙaunar miji da 'ya'ya da riƙon gida. Abin lura, Titus an ce ya gargaɗi dattawan maza da dattawan mata da samari da bayi, amma ƙananan mata an bar su a hannun iyayensu mata. Wannan ya warware kuskure na uku, na masu ɗaukar hieroprepes a matsayin yin shiru da noƙewa. Wadda aka ba aikin koyarwa ba a rufe mata baki ba. An hana ta wata irin magana ne don a saurari wata.

Su wane ne dattawan? Filo ya kawo rabon shekarun mutum da ake jingina wa Hipokirates, tsohon likitan Helenawa, inda presbutes yake tsakanin 49 da 56, 1 Timoti 5:9 kuma ta sa 60 a matsayin shekarun gwauruwar da za a rubuta a jerin ikkilisiya. Macen da ta gama haihuwa, 'ya'yanta suka girma, ita ake nufi.

Wasu sun zarce ta ɗaya gefen, sun ce tunda hieros yana cikin kalmar, ayar tana naɗa mata firistoci ko dattawan ikkilisiya. Nahawun bai ba da wannan ba. Hieroprepes sifa ce ta kamantawa, kuma saurayin Makabiyawa ya isa hujja cewa ana faɗinta ga wanda ba shi da muƙami. Surar ta raba mutane bisa shekaru da matsayi a gida, maganar naɗa dattawa kuwa an gama ta a 1:5-9. Gaskiya ne daga baya presbutides ya zama laƙabi a wasu ikkilisiyoyin gabas, domin majalisar Lawudikiya ta ƙarni na 4, a doka ta 11, ta hana naɗa matan da ake kira da wannan suna. Wannan shaida ce ta abin da ya faru ƙarnuka bayan wasiƙar, ba ta abin da ayar take nufi ba. Muhawarar naɗin mata tana da ayoyinta, wannan ba ta goyon kowane ɓangare. Haka ma saɓanin masana kan marubucin, ko Bulus ne da kansa a shekarun 60 bayan haihuwar Yesu kamar yadda al'adar ikkilisiya ta riƙe, ko wani almajirinsa daga baya kamar yadda da yawa suke gani tun ƙarni na 19, bai canza ma'anar kalmar ba.

Dalilin da ya sa aka zaɓi kalmar da take duban ido yana cikin surar. Sau uku ta faɗi manufa: kada a saɓi maganar Allah a aya ta 5, abokin gaba ya kunyata don ya rasa abin faɗa a aya ta 8, a ƙawata koyarwar Allah a aya ta 10. Ikkilisiyoyin Karita a gidajen mutane suke taruwa, ba su da haikali ko bagade ko jerin gwano da maƙwabta za su kalla. Abin da maƙwabci zai gani na sabon addinin shi ne mutanen gidan.

Ga mai fassara ko mai koyarwa da Hausa, ko a azuzuwan Zumuntar Mata inda ake yawan karanta wannan sura, wahalar ita ce kalmominmu mafi kusa duk an riga an kama su. Dattaku da kwarjini sun fi zama a kan semnos. Kamun kai na sophron ne, kuma in aka ba hieroprepes shi, za a rasa abin faɗa a ayoyi 2, 5 da 6. Ibada da tsoron Allah na eusebeia ne, kuma suna mai da hankali ga zuciya, alhali katastema tana nuna waje. Ladabi a Hausa yakan tashi daga ƙarami zuwa babba, ga shi kuwa manya ake wa magana. Kunya tana kawo noƙewar da kalodidaskalous ta kore. Tun fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 irin wannan matsala ce masu fassara suke fama da ita a wasiƙun nan, inda kalmomin hali suke cunkushe a aya ɗaya. Mafita ita ce a bar neman kalma guda, a yi ɗan tsawo: "dattawan mata su riƙe kansu yadda ya dace da masu hidimar Allah", ko "zamansu da tafiyarsu su dace da tsarki". Ta farko ta riƙe hoton haikali amma tana iya sa a zaci muƙami ne. Ta biyu ta tsira daga wannan, ta kuma kama katastema da kyau, sai dai hieros ya koma hagios a cikinta, firist ɗin ya ɓace. A rubutacciyar fassara ta biyun ta fi aminci, a aji kuwa, inda malami yake da damar ƙarin bayani, ta farkon ce ta fi kusa da Helenancin.